Muzurun da Ya Riƙe Ƙuri'ar Masunta

A cikin jirgi aka haifi Shek Kam-shui, kamar yadda aka haifi ubansa da kakansa da duk wanda ya taɓa amsa sunan Shek a ruwan kudancin Hong Kong. Mutanen ruwa ne. A jirgi suke girki, a jirgi suke aure, a jirgi suke faɗa su shirya, ba sa taka ƙasa sai in za su sayar da kifi ko su binne wani. Uban ya zaɓa masa suna mai kyau, Kam-shui, wato ruwan zinariya, don teku ta san nata ne.

Teku ba ta amsa gaisuwar ba. Tun yana zanen goyo, da zarar jirgi ya ɗan yi tangaɗi sai ya dawo da nonon da ya sha. Uwar ta ce zai daina in ya yi haƙori. Ya yi haƙori, ya ci gaba. Aka ce to, in ya fara tafiya. Ya fara tafiya, amma ba ta kai shi ko'ina sai bakin jirgi, inda yake rataye kai kamar wankin da aka shanya. An ce barewa ba ta gudu ɗanta ya yi rarrafe. Wannan ɗan barewar ko rarrafen bai samu yi ba, a kwance yake.

Ba abin da uban bai gwada ba. Ya kai shi ɗakin bautar Tin Hau, uwar teku da masunta ke roƙo, ya ƙona tsinken turare har idonsa ya yi ja. Ya ɗura masa ruwan teku da cokali. Ya ɗaure shi a jikin sandar jirgi ranar da ake iska, wai jiki ya saba. Har sunan mace ya sa masa na wani lokaci don a ruɗe aljanun da ke binsa. Duk a banza. Yayansa Kam-shing, wanda tun yana ƙarami yake tafiya a kan jirgi kamar ƙadangare a bango, ya ce kada a damu, yaron yana da amfani, ai kifayen da ke bin jirginsu sun fi na kowa ƙiba.

Da ya kai shekara goma uban ya haƙura. Ya sauke shi a wani ɗan tsibiri da muke kira Tsibirin Ƙaguwa, wurin gwaggonsa mai yin daddawar jatan lande. Ah Shui, kamar yadda ake kiran Kam-shui a gida, ya tsaya a kan ƙasa yana jira ta motsa. Ba ta motsa ba. Gwaggo ta zuba masa shinkafa da kifin gishiri, ya ci, ya zauna yana jiran abin da ya saba. Shiru.

"Gwaggo," in ji shi, "ashe haka abinci yake? Ya shiga ya zauna?"

"Haka yake yi wa kowa, ɗan nan."

"To, ƙaro."

Daga ranar bai sake taka jirgi ba. Tsibirin kuwa ƙarami ne, kafin shinkafa ta nuna ka zagaye shi, amma ya ishe shi duniya. Ya koyi sana'ar gwaggo: a tattaka jatan lande da gishiri, a bar shi ya ruɓe, a shimfiɗa a faifai a rana, a yi ta juyawa. Daddawarsa ta yi suna, warinta ma ya fi ta suna, don matuƙa jirgi sukan ce ko hazo ya rufe teku ba sa ɓata hanyar gida, hanci ke kai su. Mutanen tsibiri suka laƙaba masa Muzuru, mai son kifi mai ƙin ruwa. Da farko yana fushi, daga baya ya zama ko da sunansa na gaskiya aka kira shi sai ya waiwaya ya ga da wa ake.

Matar da ya aura, Lai Tai-ho, ita ce mai kwalekwalen inji da ke jigilar mutane tsakanin gaɓa da manyan jirage. Mace ce mai murya, in ta yi magana a wannan bakin tashar ana amsa mata a wancan. Daga kan dakalin tasha ya yi zawarcinta, yana tsaye a tudu yana ƙwala mata kalaman so, ita tana cikin ruwa tana cewa ya ƙara murya injin na ƙara. Haka kowa a tsibirin ya ji sirrinsu kafin su kansu su gama fahimtar juna. Ranar biki, bisa al'ada ango ke shiga jirgi ya tarbo amarya. A nasu bikin kuwa amarya ce ta tuƙo kanta, ta ɗaure kwalekwale, ta hau tudu ta same shi. Suka haifi 'ya ɗaya, Wai-yin, wadda ta girma ta haye birni ta zama ma'aikaciyar jinya.

Haka ya zauna har furfura ta fito masa, ba wanda yake tambayarsa ra'ayi a kan komai in ba gishiri ba. Sunansa dai yana cikin ƙungiyar masuntan tsibirin, domin ɗan Shek ne, kuma shi ke riƙe makullin zauren taro tunda shi kaɗai ake da tabbacin samu a kowane lokaci.

Sai bayan tafiyar Turawan Ingila, wata rana Kam-shing, wanda yanzu shi ne shugaban ƙungiya, ya tara mutane a filin ɗakin bauta. Ya hau kan akwatin kifi.

"Ku saurara da kyau, don ni ma sai da aka maimaita mini. Majalisar da ke yi mana doka, kujerunta iri biyu ne. Akwai na unguwanni, waɗannan kun san su, ka je makaranta ka jefa ƙuri'arka ka dawo. Akwai kuma na sana'a. Likitoci su zaɓi nasu, lauyoyi su zaɓi nasu, malaman makaranta nasu, masu banki nasu. To, mu ma an ba mu kujera."

Aka ɗauki tafi.

"Amma mu da manoma ne."

Tafi ya mutu.

"Manoma? Masu kabeji?"

"Da masu kaji, da masu alade."

"Kai! Me ya haɗa kifi da kaza?"

"Ku bari in gama. Ba kowa zai jefa ba. Ƙungiya ce ke da ƙuri'a, guda ɗaya tal. Mu za mu ba da sunan mutum ɗaya, shi zai jefa a madadinmu duka."

Nan fa wuri ya kaure. Kowane mai jirgi ya ga ba wanda ya dace sai shi. Masu jan babban taru suka ce masu ƙugiya ba su san duniya ba. Masu ƙugiya suka ce masu taru ɓarayin teku ne, sun kwashe har jikokin kifi. Masu kiwon kifi a keji suka buɗe baki, aka ce su yi shiru, su ai manoma ne da suka jiƙe. Aka tono faɗan igiyar da aka yanke tun zamanin kakanni. Wani ya ce a bar wa shugaba, wani ya ce shugaba in ya fita teku sai ya yi mako uku, ranar zaɓe ƙila yana can yana zagin injinsa. Da aka duba, kowa haka yake.

Tsohuwa Kaka Fong mai sayar da turare a ƙofar ɗakin bauta ta gaji da hayaniya. Ta nuna Ah Shui da sandarta, yana gefe yana kaɗa makulli yana jiran a watse ya rufe zaure.

"Ku ba Muzuru mana. Shi da zakin dutsen ƙofar nan, ban san wanda ya fi wani zama wuri ɗaya ba."

Aka fashe da dariya. Cikin dariyar wani ya ɗaga hannu, wani ma ya ɗaga, don kowa ya gwammace Muzuru ya samu da maƙwabcinsa ya samu. Kafin Ah Shui ya gane da shi ake, ya zama wakilin masuntan Tsibirin Ƙaguwa, mutumin da rabonsa da taɓa taru tun yana da haƙoran nono.

Ya koma gida yana tafiya kamar wanda ya haɗiyi sanda.

"Tai-ho, daga yau ki riƙa sassauta murya in kina yi mini magana. Ƙuri'ar jirage sittin ce a aljihuna."

"To, ranka ya daɗe, ka cire ta daga aljihu kafin in wanke wandon. Je ka juya faifai, ka ji."

'Yan takara biyu ne suka fito. Da yake masu ƙuri'ar duka ba su cika babban ɗakin shan shayi ba, kowane ɗaya daraja gare shi, sai an bi shi har gida. Na farko da ya zo shi ne Maigida Po Yiu-tong, babban dillalin kifi, da farin jirginsa mai walƙiya. Ya aiko a ce Kawu Shui ya shigo su gaisa. Kawu Shui ya aika a ce Maigida ya fito su gaisa. Aka yi ta aike, daga ƙarshe Maigida Po ya fito da farin takalmi, ya bi wari har wurin shanya.

Doka ta hana ɗan takara ya ba mai zaɓe ko kofin shayi, don haka ba abin da Po zai iya bayarwa sai yabo. Ya yabi tsibirin, ya yabi faifai, ya yabi ƙudajen da ke kan faifai, wai alamar abu mai kyau ne. Ah Shui ya ji daɗi, ya lakato ɗanyar daddawa da cokali ya miƙa masa, ya ce ai doka ba ta hana mai zaɓe ya ciyar da ɗan takara ba. Po ya dubi cokali, ya dubi mutanen da suka taru, ya rufe ido ya haɗiye. Hawaye ya zubo masa.

"Ta tuna mini da uwata," in ji shi.

"Ayya! Ƙara wani, don uwa ba wasa ba ce."

Ya ƙara. Ya tafi yana cewa jinin teku ɗaya ne ke gudana a jikinsu, shi da Kawu Shui, abin da ya sa Kaka Fong ta ƙware da shayi.

Bayan kwana biyu na biyun ya iso a jirgin haya. Liu Fuk-cheung sunansa, mai kiwon kaji daga can arewa kusa da iyaka, inda ba a ganin teku sai a talabijin. Ah Shui yana tasha ya ga an fito da wani ɗan gajeren mutum, mutum biyu na riƙe da shi, fuskarsa kore kamar ganyen kabeji. Suka sake shi, ya yi taku biyu, ya rungume turken ɗaure jirgi, ya sunkuya ya yi abin da Ah Shui ya fi kowa sani a duniya.

Masunta suka yi ta ƙyaƙyata. Ah Shui bai yi dariya ba. Ya matsa ya dafa bayan baƙon.

"Kada ka rufe ido, ɗan'uwa. Dubi dutsen can, shi ba ya motsi. Numfasa ta hanci. A'a, ba ta wajen faifaina ba, juya nan."

"Kawu," in ji Liu da ƙyar, "haka kuke fama kullum?"

"Su dai. Ni tun ina ɗan shekara goma na tuba."

Liu ya ɗago ya dube shi. Suka zauna a kan dakali har rana ta karkata, ba su yi maganar kujera ko sau ɗaya ba. Sun yi maganar yadda abin ke farawa daga gumi a goshi, da yadda miyau ke taruwa, da irin mugayen mutanen da ke cewa ai duk a zuciya ne. Shekara hamsin Ah Shui yana jiran wanda zai ce masa "ni ma haka". Da jirgin komawa ya yi ƙaho, Liu ya miƙe kamar wanda za a kai mayanka, Ah Shui ya raka shi har inda ƙasa ta ƙare.

Da yamma Kam-shing ya zo gida.

"Ah Shui, ƙungiya ta yanke. Po za ka zaɓa. Namu ne."

"Na ji, Yaya."

"An ce an gan ka kana shafa bayan mai kaji."

"Baƙo ne ba shi da lafiya."

"Po. Maimaita."

"Po, Yaya."

Ana saura 'yan makonni, Wai-yin ta bugo waya daga birni. Ita ma tana da tata ƙuri'ar ta masu jinya, ta san yadda abin yake.

"Baba, in ka zo zaɓe a wurina za ka sauka. Na gyara maka ɗaki."

"In na zo ina?"

"Birni mana."

"Ke, wane birni? Ba makarantar nan ta bayan kasuwa ake kawo akwati ba?"

"Wancan na unguwa ne. Ku 'yan kujerar masunta ba ku da yawa, ba za a yi ta yawo da akwati tsibiri-tsibiri ba. Rumfarku tana nan birni. Baba? Baba, kana ji na?"

Tai-ho ce ta ɗauki kan wayar daga ƙasa.

Ashe duk taron nan da aka yi, ba wanda ya tambayi inda za a jefa ƙuri'ar. An zaɓi mutumin da ba ya barin tsibiri don aikin da ba a yin sa a tsibiri. Ah Shui ya ruga wurin yayansa ya ce ya ajiye muƙami. Kam-shing ya ce bakin alƙalami ya bushe, sunansa ya riga ya shiga, lokacin canji ya wuce. In bai je ba ƙuri'ar tsibiri ta faɗa ruwa, masu kabeji su yi musu dariya har abada.

"Ka ce musu na mutu."

"In ka mutu ma sai mun kai ka. Ka ga sauƙi ma ke nan."

Tsibiri duka ya shiga aikin shirya Muzuru. Tai-ho ta ce a bi shi sannu-sannu. Ta sa aka jawo wani tsohon kwalekwale kan yashi, nesa da ruwa, ta zaunar da shi a ciki. Ya zauna, ya dubi katako, ya shaƙi warin man inji, ya leƙa waje ya yi amai a kan busasshen yashi.

"Tsohon nan, jirgin ko motsi bai yi ba!"

"Yana da niyya. Na ji a jikina."

Kowa ya kawo maganinsa. Wani ya ce a manna ɗanyar citta a cibiya da filasta. Wata ta ce ya tsotsi busasshen ɗan itacen nan mai tsami da gishiri. Wani ya ce man zafi a bayan kunne. Wani ya ce a ɗirka masa giyar shinkafa har ya daina sanin sama da ƙasa, aka ce a'a, bugagge ba ya bambance Po da Liu. Wani mai ƙanƙara ya ba da shawarar a sa shi cikin akwatin kifi a rufe da ƙanƙara, ai kifi ba ya korafi. Kaka Fong ta jefa masa itacen duba a gaban Tin Hau, ta duba, ta sake jefawa, ta ce uwar teku ta ce ba ruwanta.

Ranar zaɓe gari ya waye tas, teku kwance kamar tabarma. Ah Shui ya fito cikin kwat ɗin aurensa da ba ta rufuwa, citta a cibiya, abu mai tsami a kunci, man zafi har yana sa na kusa da shi hawaye, jar laya a wuya, bokiti a hannu. Mutanen da suka ce ba za su sami sukunin zuwa zaɓe ba saboda suna teku, ga su nan duka, ba wanda ya fita kamun kifi. Wa zai yarda a ba shi labari? Suka ƙawata jirage da tutoci, suka fito da gangar biki.

Ya tsaya a bakin tasha ya dubi katakon da aka gitta zuwa jirgin Kam-shing.

"Tai-ho, in ban dawo ba, faifan da ke tsakar gida na jibi ne, kada ki kwashe da wuri."

"Wuce, ko in ɗauke ka a kafaɗa a gaban jama'a."

Ya wuce. Abin mamaki, da farko lafiya lau. Jirgi ya bar tasha, ya zauna a tsakiya ya ƙura wa dutse ido, har ya fara tunanin ko tsufa ya warkar da shi bai sani ba, ko ya yi asarar shekaru a banza. Ya ɗaga hannu ya gaida sauran jirage, aka amsa da ganga. Sai wani ƙaton jirgin dakon kaya ya gitta can nesa, ya turo musu 'yar igiyar ruwa guda, ƙarama, irin wadda agwagwa ba za ta kula ba.

Ba sai an faɗi sauran ba. Citta ta bi ta kanta, abu mai tsami ya riga kowa fita. Ya kira uwarsa, ya kira gwaggonsa, ya kira Tin Hau da sunayen da ba a kiran ta da su. Ya roƙi Kam-shing ya juya, ya roƙe shi ya tsaya, da jirgi ya tsaya ya fara lilo ya roƙe shi ya ci gaba. Masu ganga suka ɗauka ihun murna yake, suka ƙara wuta. Tai-ho tana riƙe da ƙugun wandonsa da hannu ɗaya kada ya bi bokiti cikin ruwa, ɗaya hannun tana cin ayaba.

Da suka iso birni ƙafafunsa suka ƙi aiki. Aka aro amalanken tura kifi a kasuwar bakin ruwa, aka ɗora shi, Kam-shing na turawa, masunta na biye da tutoci. Haka suka ratsa titi tsakanin masu kwat da jakunkuna, mutane na darewa, wasu don girmamawa, yawanci don wari. A ƙofar rumfar zaɓe ɗan sanda ya tare su.

"Kaya ta ƙofar baya ake shiga da su."

"Ba kaya ba ne," in ji Tai-ho, "mai zaɓe ne."

Malaman zaɓe suka duba katinsa, suka dubi fuskarsa, suka daɗe suna kwatantawa, don mutumin da ke hoton ba kore ba ne. Aka ba shi takarda. Ya shiga bayan labule shi kaɗai yana dafa bango, ƙasa na tashi tana sauka a ƙarƙashinsa. Ya daɗe. Ya fito ya jefa, ya nemi kujera.

"Po ka zaɓa?" in ji Kam-shing tun kafin ya zauna.

"Yaya, sirri ne. Doka ta hana tambaya. Ga ɗan sanda can, in kira shi?"

Po ne ya ci, da rata mai yawa, don ƙungiyoyin masunta sun fi na manoma yawa. Sai dai da aka bayyana sakamako, masu iya lissafi suka lura ƙuri'un Liu sun ɗara yawan ƙungiyoyin manoma da guda ɗaya. Wani masunci ya yi tsalle ya koma akurki. Duk ido ya dawo kan mutum ɗaya. Ah Shui ya ce shi dai a lokacin sunaye huɗu ya gani a takardar, duka suna rawa, ya dangwala wa wanda ya fi kusa.

Wannan ba ita ce babbar matsalar ba. Da aka ce a tashi a koma gida, ya riƙe ƙarfen bakin titi.

"Ba inda za ni."

"Kai tsoho, gidanka fa?" in ji Tai-ho.

"Yana can lafiya. Ku gaishe shi. Na haye sau ɗaya saboda jama'a, ba wanda ya zaɓe ni in haye sau biyu."

Aka yi lallashi, aka yi zagi, Tai-ho ta yi masa muryar da ta tsayar da motoci. Ko gezau. Dole aka bar shi wurin Wai-yin. Nan ma bai ji daɗi ba. Gidan yana can ƙololuwar bene, akwatin da ke hawa da mutane sama yana juya masa ciki, motar bas haka, taragon lantarki haka, kuma ya rantse ginin kansa yana lanƙwasa in ana iska. Ya gwada shanya jatan lande a taga, maƙwabta suka kira masu duba bututun masai.

Labari ya kai wa Liu mai kaji. Ya zo da kansa, ya ce Kawu ya taho gonarsa ya huta kwana biyu, ƙasa ce shimfiɗaɗɗiya, ruwan da ya fi girma a wurin shi ne na kwanon shan kaji. Suka tafi, direba na tuƙi a hankali, su biyu a baya kowa da ledarsa. Kwana biyu suka zama wata biyu. Ah Shui ya gano kaji ba su da bambanci da 'yan ƙungiyarsu: ka watsa musu abinci su yi faɗa, ka hana su su yi faɗa. Ya iya da su. Ya kafa faifansa a bayan akurki, inda wari ya tarar da wari ba mai ƙorafi, Tai-ho na kawo masa ɗanyen jatan lande duk mako ta koma da ƙwai. Ta ce tunda suka yi aure ba su taɓa zaman lafiya irin wannan ba.

Da wani zaɓen ya zagayo, ƙungiya ta sake taro don a tsige maci amana. Aka sake kaurewa, masu taru da masu ƙugiya, aka sake tono igiyar kakanni. Da kowa ya gaji, Kam-shing ya ce shi dai abin da ya sani, Ah Shui ya riga ya haye, ba sai an kashe man jirgi ba. Aka bar masa. Shekaru da dama ƙuri'ar masuntan Tsibirin Ƙaguwa tana hannun mai ba kaji dusa, yana zuwa rumfar zaɓe a ƙafa in da hali, gashin kaza a kafaɗar kwat. Kowane karo Kam-shing zai bugo waya ya faɗa masa sunan da aka yanke, ya ce ya maimaita, shi kuma ya maimaita.

Da gwiwoyin Tai-ho suka gaji, ta sayar da kwalekwale ta tattaro ta dawo gonar. Ba a yi mako ba ta fara rama. Abinci ba ya mata daɗi, barci ba ya zuwa, tana tafiya tana tangaɗi a fili kamar mai neman abin dafawa.

"Wannan wace irin ƙasa ce? Ko ɗan motsi ba ta yi. Kamar mutum yana kwance a kan gawa."

"Duk a zuciya ne," in ji Ah Shui.

Ta jefe shi da takalmi. Washegari ya samo igiya da tsohuwar ƙofa, ya rataya mata gado a bishiyar da ke tsakar gida. Yanzu kullum bayan abincin rana takan hau ta miƙe, shi kuma ya zauna a kujera nesa kaɗan, ya juya mata baya don kada ya gani, igiya ɗaure a babban yatsan ƙafarsa, yana ja yana saki.

"Ƙara ƙarfi, tsohon banza. Wannan ai ko tafki ya fi shi."

"In na ƙara ni zan fara amai."

"To, fara mana. Ga kaji nan, ba abin da zai lalace."